Zaɓen Jami'a ga Ɗan Wasan Besbol a Amurka: Wa Ke Riƙe da Akala?

A Turai, idan aka ga yaro da baiwar ƙwallo, kulob ne ke ɗauke shi tun yana ƙarami ya raine shi. Amurkawa ba haka suka tsara nasu ba. Can makaranta ce ke renon ɗan wasa, daga sakandare har jami'a, kuma abin ya daɗe. A ranar 1 ga Yuli, 1859, kwalejojin Amherst da Williams na jihar Massachusetts suka kara a wasan besbol na farko tsakanin manyan makarantu, Amherst ta ci 73 da 32. Shi ya sa duk yaron da ya kai shekara 16 ko 17 yana jifa da ƙarfi, ko yana iya maka wa ƙwallo sanda ta yi nisa, tambaya ɗaya ke jiransa shi da iyayensa: wace jami'a?

Amsar da kowa ya haddace ita ce a nemi wadda ta haɗa karatu mai kyau da wasa mai ƙarfi. Faɗa ba wuya. Sai dai ba a gane wannan haɗin a sunan makaranta, balle a takardun tallarta masu ƙyalli. Wuri biyu ake dubawa: jadawalin makon ɗalibi, da hannun da ke biyan kuɗin makarantarsa.

Kafin a je nan, a san yawan masu neman. Yara maza fiye da 450,000 ne ke buga besbol a sakandaren Amurka. Waɗanda ke bugawa a jami'o'in da ke ƙarƙashin NCAA, wato babbar hukumar wasannin jami'o'i, wajen 40,000 ne. Ƙungiyoyin ƙwararru 30 na gasar MLB kuwa, tun daga 2021 zagaye 20 kacal suke yi a zaɓen sababbin 'yan wasa, bayan a da 40 ne, ke nan mutum 600 da ɗoriya a shekara. Cikin waɗanda aka zaɓa ɗin ma, mafi yawa a ƙananan ƙungiyoyi za su ƙare ba tare da sun taka filin babbar gasa ko sau ɗaya ba. Wanda ya zauna da waɗannan alƙaluma zai gane cewa ga kusan kowane yaro, besbol tsani ne na shiga jami'a, ba sana'a ba. Iyaye sun san haka, yaran ma sun sani, amma kowa gani yake nasa ne zai fita zakka.

NCAA ta kasa makarantunta rukuni uku. Rukuni na ɗaya yana da tawagogin besbol kusan 300, a nan ake samun manyan filaye da talabijin da kuɗi, kuma zakarunsa takwas ne ke haɗuwa kowace Yuni a birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ake wasan ƙarshe tun 1950. Rukuni na biyu matsakaici ne. Na uku ya fi kowa yawan makarantu, amma ba ya ba da tallafin karatu don wasa ko anini. A gefe akwai wata hukumar mai suna NAIA ta ƙananan kwalejoji, sai kwalejojin shekara biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki wannan jerin a matsayin matakan daraja, na ɗaya sama, na uku ƙasa. Ta fuskar wasa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ta fuskar karatu babu. MIT da Johns Hopkins da Emory duk a rukuni na uku suke buga besbol.

To, mu shiga makon ɗan wasa a rukuni na ɗaya, domin nan ne maganar take. Kakar wasa na farawa a tsakiyar Fabrairu, kuma doka ta yarda a buga wasa har 56 kafin zagayen fitar da gwani. A sa wasa 56 cikin mako 14 ko 15, a ga abin da zai fito: Juma'a, Asabar da Lahadi ana karawa da ƙungiya ɗaya sau uku, ranar Talata ko Laraba a ƙara wani. Idan wasan na waje ne, tun Alhamis za a hau mota ko jirgi, ba za a dawo ba sai daren Lahadi, wani lokaci bayan sha biyu. Litinin ce ranar hutu, ita ce kuma ranar da yaro zai bi malamai yana neman a ba shi damar rama gwajin da ya rasa. A sauran ranaku, ɗaga ƙarfe da sassafe, aji daga takwas zuwa azahar, sannan fili har yamma. Shi kansa wasan yakan ci awa uku, kuma sai an isa fili awa biyu ko uku kafin a fara.

A takarda, dokar NCAA ta ce kada a sa ɗalibi aikin wasa fiye da awa 20 a mako. Amma ranar wasa, komai tsawonta, awa uku ake rubuta mata. Ba a lissafa tafiya, ba a lissafa zaman ɗakin jinya, ba a lissafa atisayen da aka ce na ganin dama ne, wanda duk yaron da bai ga dama ba ya san inda zai zauna ranar Juma'a. Binciken da ita NCAA ta yi da kanta ya nuna 'yan besbol na rukuni na ɗaya suna ba wasa kusan awa 40 a mako a lokacin kaka. Aikin cikakken ma'aikaci ke nan, ga digiri a kai.

Inda abin ke fara cizo shi ne a zaɓen fanni. Mai karanta injiniya ko kimiyyar sinadarai ko share fagen likitanci yana da darussan ɗakin gwaje-gwaje, kuma galibi da rana ake sa su, daidai lokacin da koci ke jiransa a fili. Ba kasafai koci zai fito fili ya ce kada ka karanta kaza ba. Abin da ake yi shi ne mai ba 'yan wasa shawarar karatu ya buɗe jadawali, ya nuna wa yaro cewa wannan darasi ya ci karo da atisaye, wancan ma haka, amma ga wani fanni da sauran 'yan tawaga ke yi kuma ba sa samun matsala. Da haka sai ka ga rabin tawaga sun taru a fanni biyu ko uku. Hukumar tana da ƙa'idar cewa ɗalibi ya kammala kashi 40 na digirinsa kafin shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. An yi ta ne don kare karatu, amma tana da wani gefen: tana sa yaro ya guji fanni mai wuya, tana kuma hana shi sauya fanni idan tafiya ta yi nisa, don kada ya rasa damar buga wasa.

Har yanayin gari yana da hannu a ciki. A Fabrairu da farkon Maris, filayen jihohin arewa kamar Michigan da Minnesota da Massachusetts suna ƙarƙashin ƙanƙara, don haka tawagoginsu kan yi makonnin farko a kan hanya, suna zuwa Florida da Teksas da Kalifoniya. Ɗan Louisiana yana kwana a ɗakinsa, ɗan arewa yana rubuta aikin gida a otal. Sannan a 2024 taswirar gasanni ta hargitse saboda kuɗin talabijin na ƙwallon Amurka, ba ma na besbol ba. Stanford da Berkeley, waɗanda ke gaɓar tekun yamma, suka koma gasar ACC da yawancin makarantunta ke gaɓar gabas, UCLA da USC suka shiga Big Ten. Wasan waje da a da tafiyar awa ɗaya ce a jirgi ya zama ƙetare ƙasa guda. Wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba: makarantun da ke zango biyu a shekara kan gama jarrabawa a farkon Mayu, sai yaro ya buga watan ƙarshe ba aji a kansa. Masu zango gajeru kamar Stanford ba sa gamawa sai Yuni, jarrabawarsu na faɗawa tsakiyar wasannin fitar da gwani.

Hutun bazara ma ba nasa ba ne. Lokacin da 'yan ajinsa ke samun gurbin koyon aiki a kamfanoni da asibitoci, koci na tura shi gasar bazara, wadda mafi shahararta ita ce ta Cape Cod, inda ake bugu da sandar katako irin ta ƙwararru maimakon ta ƙarfe. Ga mai neman idon 'yan leƙen ƙungiyoyi, babu kamarta. Ga wanda zai nemi aiki bayan digiri, bazara uku ke nan ba abin rubutawa a takardar neman aiki.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ta fi komai nuna wanda ke riƙe da akala. Shekaru da dama, duk tawagar besbol a rukuni na ɗaya tallafin karatu 11.7 kawai aka yarda ta raba, tsakanin 'yan wasa har 27 cikin tawaga mai mutum 35. Wato wanda aka ce ya samu tallafi, sau da yawa rubu'i ne ko rabi, iyaye su cika sauran. Rukuni na biyu 9 ne. A watan Yuni 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sasancin ƙarar da aka fi sani da sunan House, ta kusan dala biliyan 2.8, wanda ya ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai tsaye. Ga makarantun da suka shiga tsarin, an cire ƙayyade tallafi, aka maye gurbinsa da ƙayyade tawaga: mutum 34, kuma ana iya ɗaukar nauyin kowa. Jin haka sai mutum ya ce kakar yara ta yanke saƙa. Amma izini daban, kuɗi daban. Manyan makarantun gasar SEC irin su LSU da Tennessee da Arkansas, masu cika fili da dubban 'yan kallo, suna da halin ƙarawa. Mafi yawan sauran, ko 11.7 ɗin da can ba sa iya cikawa. Abin da ya tabbata a makarantun da suka shiga tsarin shi ne kujerun tawaga sun ragu, kuma yaron da a da zai shiga ba tallafi ya yi ta fafutuka har ya samu gurbi, shi ne ya fara rasa wuri.

Kuɗin da koci ya bayar, idon koci na kansa. An ƙarfafa dokoki ta yadda ba a iya yanke wa yaro tallafi don kawai wasansa ya yi sanyi ko ya ji rauni. Amma koci ba ya bukatar yanke komai. Ya isa ya kira yaro ofis a ƙarshen kaka ya ce, "Ban ga inda zan sa ka baɗi ba." Ɗan shekara 19 da ya zo don ya buga wasa, da wuya ya zauna. Kuɗin da aka samu ta hanyar maki mai kyau, ko ta duba ƙarfin aljihun iyaye, shi ba ruwansa da wannan zaman ofis. Ko hannu ya lalace, ko koci ya sauya, ko yaron da kansa ya gaji, yana nan. Kuma lalacewar hannu ba tatsuniya ba ce ga masu jifa. Tiyatar jijiyar gwiwar hannu da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa mai jifa Tommy John a 1974 ta zama ruwan dare har a tsakanin matasa, jinyarta kuma shekara guda ce zuwa shekara da rabi.

Wannan ne ya sa makarantu takwas na gasar Ivy, irin su Harvard da Yale da Dartmouth, suka cancanci a dube su da kyau, duk da ba sa ba da tallafin wasa sam. Tallafinsu na bukata ne. Harvard ta sanar a 2025 cewa iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba ba za su biya komai ba. Wasannin makarantun Ivy wajen 40 ne, kuma na gasar cikin gida a ƙarshen mako ake tara su. Ba za su je Omaha ba a zamanin nan, duk da Yale ta buga wasan ƙarshe a 1947 da 1948, da George H. W. Bush, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, a tawagarta. Amma ƙofar ƙwararru ba a rufe take ba. Kyle Hendricks ya karanta tattalin arziki a Dartmouth, ya ci kofin gasar MLB da Chicago Cubs a 2016. Craig Breslow ya karanta kimiyyar sinadaran halittu a Yale, sai a zagaye na 26 aka zaɓe shi a 2002, ya ci kofi da Boston a 2013, bayan shekara goma kuma ƙungiyar ta ɗora shi a kan dukkan harkar wasanta. Da an dawo da zagaye 20 na yau zamaninsa, ba wanda zai kira sunansa, kuma da digirin na Yale ne zai ci da shi.

Akwai 'yan makarantu da suka riƙe duka biyun da gaske. Vanderbilt ta birnin Nashville, ƙarƙashin koci Tim Corbin, ta ɗauki kofi a 2014 da 2019, ta fitar da David Price da Dansby Swanson waɗanda kowannensu shi aka fara zaɓa a shekararsa. Stanford ta ɗauka a 1987 da 1988, Rice a 2003, Virginia a 2015. Su ne mafarkin kowane uba. Sai dai mutum ya tuna cewa kuɗin shekara a irin Vanderbilt ya haura dala 80,000, gurbin 'yan wasa bai wuce goma sha wani abu a shekara ba, kuma jadawalin da na zayyana a sama bai ragu da ko awa ɗaya ba don makarantar tana da suna. Tsohon ɗan wasan MLB Mike Mussina ya gama digirin tattalin arziki a Stanford cikin shekara uku da rabi yana jifa. Ana ba da labarinsa ne domin irinsa ba su da yawa.

Labarin da ya fi koyar da ni shi ne na Mark Appel. A 2012 Pittsburgh ta zaɓe shi na takwas, ta miƙa masa dala miliyan 3.8, ya ƙi, ya koma Stanford ya gama digirinsa. A 2013 Houston ta zaɓe shi na farko a duk ƙasar. Daga nan rauni da rashin sa'a suka sa shi gaba, har a 2018 ya ajiye wasa bai taɓa taka babbar gasa ba. Ya dawo daga baya, ya samu bugawa da Philadelphia a 2022 yana ɗan shekara 30. Idan wanda aka fara zaɓa cikin dubbai zai iya shiga wannan hali, ban ga dalilin da ɗan benci zai jingina rayuwarsa da hannunsa na dama ba. Ga kuma wata ƙa'ida da ke cutar digiri a ɓoye: wanda ya shiga jami'ar shekara huɗu ba a zaɓarsa sai ya gama shekara ta uku ko ya cika 21. Ke nan gwanaye kan tafi saura shekara ɗaya su gama. Ana iya sa kuɗin ƙarasa karatu cikin kwantiragi, amma komawa aji bayan shekaru, da mata da 'ya'ya, sai mai ƙarfin hali.

Kwalejojin shekara biyu hanya ce mai arha, kuma ana iya zaɓar ɗalibinsu bayan shekara ɗaya. Tauraron MLB Albert Pujols ta nan ya bi, Bryce Harper ma haka. Tana da amfani ga wanda makinsa ko jikinsa bai gama nuna ba. Abin lura ɗaya ne, ko jami'ar da zai koma za ta karɓi darussan da ya yi. Makarantun soja kuwa karatu kyauta ne, da sharaɗin yin aikin soja bayan gamawa. Paul Skenes ya yi shekara biyu a ta sojan sama ya koma LSU, ya ci kofi a 2023, aka fara zaɓarsa a shekarar.

Sauya makaranta irin na Skenes shi ne ya canza komai ga yaron sakandare. Tun da aka buɗe rajistar masu neman sauyi a 2018, aka kuma cire musu zaman jiran shekara guda a 2021, koci da ke neman nasara yau ya fi son ɗan shekara 22 da ya riga ya goge a wata jami'a a kan sabon shiga ɗan 18. Alkawarin baka da koci ya yi wa yaro ba ya ɗaure kowa sai an sa hannu a takardar tallafi. Kuma duk sauyin makaranta yana iya cin wasu darussa, ya jinkirta digiri. Su kansu makarantun ba dukansu ke tsaye da ƙafafunsu ba. Furman da Boise State sun soke besbol a 2020. Kwalejin Birmingham-Southern ta jihar Alabama ta rufe ƙofa baki ɗaya a ranar 31 ga Mayu, 2024, a daidai lokacin da tawagarta ke buga gasar ƙarshe ta rukuni na uku, yara suna wakiltar makarantar da babu ita.

Saboda haka idan uba ya raka ɗansa ziyarar makaranta, kada ya ɓata lokaci a ɗakin sauya kaya da injinan auna gudun ƙwallo, duk da za a fara kai shi can. Ya buɗe jerin 'yan tawaga a intanet ya duba fannin da 'yan aji uku da huɗu ke karantawa. Ya nemo jerin shekara huɗu da suka wuce ya ƙirga sababbin shiga nawa ne suka kai ƙarshe a nan. Ya tambayi koci gaba da gaba, "Idan darasin gwaje-gwaje ya faɗo ranar Talata da rana, me za a yi?" Ya lura da amsar, ya lura da fuskar mai amsawa. Ya sa yaron ya keɓe da wani ɗan benci, ba tauraron tawaga ba, ya ji ta bakinsa. Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa da bizar karatu kuma ya san cewa dokar bizarsa ta taƙaita masa aikin samun kuɗi, don haka kuɗin talla da aka halatta wa 'yan wasa tun 2021 ba lallai ya iya taɓa shi ba.

Ga ɗan ƙalilan da 'yan leƙen ƙungiyoyi ke bi da na'urar auna jifa tun suna sakandare, babbar makarantar rukuni na ɗaya ta dace, su shiga da sanin cewa wasa ne zai ja gaba, karatu ya biyo. Ga sauran, waɗanda su ne kusan kowa, hukuncina shi ne a zaɓi makarantar da ta fi ƙarfi a fannin da yaro ke so, wadda zai samu shiga fili ba zaman benci ba, wadda kuma mafi yawan kuɗinta ba daga hannun koci zai fito ba, ko da a rukuni na uku take. Kafin a sa hannu, a tambayi yaron ko zai yarda ya gama shekara huɗu a wannan makaranta idan likita ya ce ba zai ƙara jifa ba. In ya yi jim, a duba wata.